Resistar Da Ta Kashe Ƙwai Ɗari Huɗu

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe kuna cewa na bar ku a rataye, na gani, ban kuma yi fushi ba. Ke da kika ce in Auta ba ta buɗe baki yau ba za ki daina karantawa, gyara zama.

Mun tsaya inda Hajiya Mai Kaji ta shigo shagon gyaran kayan lantarki na su Auta, ta dire kiret ɗin ƙwai a kan tebur.

Ƙwai talatin ne a kiret ɗin. Hajiya ta ce waɗannan na gani da ido ne kawai, sauran ɗari uku da saba'in suna can gida cikin injin ƙyanƙyasa, sun yi sanyi ƙalau. Kwana goma sha shida suka yi a ciki, saura biyar su fashe. Ta ɗauki ɗaya ta buga a bakin tebur. Ɗan tsako ya zubo a dunƙule, da gashinsa da ɗan bakinsa, babu motsi.

Auta ta kau da kai.

Ita ce ta tsara ɗan allon lantarkin da ke kula da zafin injin. Ita ta zana, ita ta yi lissafin kowane ƙarfe da ke kansa, ta rubuta a takarda ta ba yayanta kafin ta tafi kwas na kwana huɗu. Yaya ne ya ce ta tafi hankalinta kwance, zai haɗa, zai kai ya ɗaura. Shigowarta shagon ke nan daga tasha, ko jakar kafaɗarta ba ta sauke ba.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta ce tsohon allon nata yana wasa, amma bai taɓa kashe mata ƙwai ba. An ɗaura sabo da hantsi, ta ga fitilarsa na ci, ta kulle ɗakin ta tafi dubiya asibiti ta kwana. Da ta dawo ta tarar da warin ƙauri, fitila a mace, hitar ɗumama ƙwan a kashe.

Tela na makwabta ya riga ya leƙo da almakashi a hannu. Mai walda ma ya ɗage baƙin gilashinsa ya tsaya a bakin ƙofa. Sai Yaya ya gyara murya, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ni abin da aka rubuta min a takarda shi na bi, ban ƙara ba ban rage ba. Lissafin yarinyar nan ne bai yi daidai ba. Kin san karatun makaranta daban, aikin hannu daban."

Auta ta juyo ta dube shi. Bai yarda sun haɗa ido ba.

Yarinya. Shekararta ashirin da bakwai, bakwai daga ciki ta yi su a kan wannan tebur ɗin tana shaƙar hayaƙin dalma. Duk aikin da ya gagari Yaya ita yake turo wa, in ta gama ya miƙa wa mai kaya yana karɓar godiya, mutanen layi suna ce masa Injiniya. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Yau kuma a gaban tela da mai walda ta zama yarinya mai karatun makaranta.

Hajiya ta ɗaure bakin gyalenta, ta ce ita ba ta zo faɗa ba. Amma duk matar da ta tambaye ta game da aikin Auta, za ta gaya mata abin da idonta ya gani. Ta ajiye akwatin ƙonannen allon kusa da kiret ɗin ta fita, ta bar musu ƙwan. Tela ya bi bayanta yana girgiza kai. Mai walda ya tsaya ya ce wa Yaya ai dama irin wannan aiki sai da babba a kusa, sannan shi ma ya koma bakin aikinsa.

Auta ta sauke jakarta a hankali. Ta dafa tebur, ta juyo wajen Yaya.

"Yaya, ni ka shafa wa kashin kaji?"

"Ba yanzu ba, Auta."

"Yaushe?"

Ya ce yana da rediyon mutane da za a zo karɓa, ya shige ɗakin ajiya ya ja labule.

Ba ta bi shi ba. Ta jawo kujera, ta kunna fitilar tebur, ta kwance murfin akwatin da Hajiya ta kawo. Wurin da ya ci wuta bai kai faɗin farce ba. Resistar ta yi baƙi ƙirin, fentin jikinta ya toye har ba a gane zobban kala da ke nuna girmanta. Kusa da ita zena ta tsage gida biyu.

Zenar nan ɗan ƙaramin gilashi ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinta ta riƙe wuta a kan bolt biyar da ɗigo ɗaya, kada ta hau kada ta sauka, don na'urar da ke auna zafi ta samu abin da take so. Duk wutar da ta yi rara ita ke haɗiyewa. Shi ya sa ake sa mata resista a gaba, ta tare wutar batir ta riƙa sako ta daidai wa daida. In resistar ta yi girma, zena ba za ta samu abin riƙewa ba, wutar ta faɗi. In ta yi ƙanƙanta, wuta ta kwararo ta dafa su duka biyun.

Auta ta yago bayan kwali ta ɗauki biro. Zuciyarta na tafasa, amma ta ce wa kanta in har ita ce ta yi kuskure, gara ta gani da idonta.

Batirin Hajiya, in ya yi sanyi, yana sauka zuwa bolt goma sha ɗaya. A cire biyar da ɗigo ɗaya na zena, saura biyar da ɗigo tara. Na'urar auna zafi na cin wuta miliamfiya goma, zena na bukatar aƙalla biyar don ta tsaya da ƙafarta, goma sha biyar ke nan. Ta raba. Om ɗari uku da casa'in da uku. Da om ake auna girman resista, kada wannan ta wuce haka. Shi ya sa ta zaɓi ta ƙasa da ita, mai om ɗari uku da talatin, don a bar ɗan sarari.

Ta juya kwalin ta lissafa ɗaya gefen. In rana ta take, farantin sola na cika batirin har goma sha huɗu da rabi. A nan wutar da za ta bi ta resistar ba ta kai miliamfiya talatin ba. Ko na'urar ta daina ci gaba ɗaya, zena ta haɗiye komai, zafin da za ta ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ba. Ita kanta resistar za ta ɗauki abin da ya ɗan haura kwatan wat, don haka ta rubuta a sa mai rabin wat, har ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Sau uku tana yi, amsa ɗaya take samu. Da wannan lissafin, allon nan ko shekara goma zai yi bai ɗumama yatsa ba.

Ta ajiye biron. Bakwai ta ce a haɗa: ɗaya na Hajiya, biyar na ƙungiyar mata masu kiwo da suka yi oda, ɗaya kuma a ajiye saboda ko-ta-kwana. Ta jawo aljihun tebur na ƙasa, ta samu na ajiyar naɗe cikin leda. Ta kai shi ƙarƙashin fitila.

Ruwan lemo. Ruwan lemo. Baƙi.

Ta goge resistar da bakin mayafinta ta sake dubawa. Zobe na uku baƙi ne. A takardarta ruwan ƙasa ta rubuta. Ruwan ƙasa na nufin ɗari uku da talatin, baƙi kuwa talatin da uku kacal. Ta ɗago ƙafar resistar ɗaya da ƙarfen liƙi, ta ɗora wayoyin mita. Talatin da uku.

Ninki goma na wutar da ta tsara. Zena mai rabin wat an ɗora mata kusan wat ɗaya da rabi. Ai ta yi ƙoƙari ma in har ta kai azahar.

Ta miƙe da allon a hannu za ta nufi labule, bakinta cike da magana. Sai ta juya bayan allon, ta tsaya.

Liƙin Yaya ta san shi ko a mafarki. Yana tula dalma ne kamar tsuntsu ya yi kashi a kan mota, ita ce kullum ke bi tana gyarawa. Wannan kuwa kowane ɗigo ya zauna sumul, yana sheƙi, girmansu ɗaya. An lanƙwasa kowace ƙafa waje kafin a liƙe, an datse ta a karkace. Mutum ɗaya ne a duniya ke datse ƙafar resista haka, kuma shi ya riƙe hannunta ranar da ta fara ɗaukar ƙarfen liƙi tana 'yar shekara tara.

Baba.

Baban da ya kafa shagon shekara arba'in da suka wuce, wanda har yanzu layin nan da sunan sana'arsa ake kwatance, a ce bayan shagon Mai Rediyo. Bara ya ce ya gaji, ya miƙa musu makulli. Yana zuwa dai ya zauna a benci ya yi hira da mutane.

Ta ɗaga labulen. Yaya na zaune a kan tsohuwar talabijin, babu rediyo a hannunsa, babu komai. Ta ajiye masa allon a cinya.

"Karanta min zobe na uku."

Bai duba ba.

"Tun safe na gani," in ji shi. "Hajiya na bugo waya na buɗe wannan na duba."

"Tun safe ka sani."

"Rage muryarki."

"Ka sani, ka tsaya a gaban mutane ka ce lissafina ne."

Ya shafa fuska da hannu biyu. Sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa, yana kallon labule. Wata huɗu ke nan da ya raka Baba wurin likitan ido. Yanar ido ce ta rufe masa duka idanun biyu, na dama ya fi muni. Likita ya ce kaloli za su riƙa dushe masa, masu duhu su haɗe su zama ɗaya, kuma sai an yi aiki. Baba ya ƙi aikin, ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. A hanyar dawowa ya riƙe hannun Yaya ya sa shi ya yi alkawari kada kowa ya ji, har Mama, balle Auta da za ta tasa shi gaba da magiya.

Ranar da ta tafi kwas, Baba ya ga takardarta a tebur. Ya ce a bar masa, hannunsa na ƙaiƙayi. Yaya ya ce ya daɗe bai ga tsohon yana murmushi haka ba, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa yana liƙi. Aljihun talatin da uku na maƙwabtaka da na ɗari uku da talatin. Ya jawo wanda ya jawo, ya duba kala, ya ga abin da ya saba gani.

"Kai kuma ba ka duba ba?"

Ya ce ya gwada. Ya haɗa da batir, mita ta nuna bolt biyar da 'yan kai, ya cire ya rufe.

"Daƙiƙa nawa ka bar shi a wuta?"

Ya sauke ido kan allon.

"Ko yatsa da ka ɗora a kai, da ya gaya maka. Sau nawa nake cewa a bar allo ya yi minti goma a taɓa a ji? Kullum ka ce ƙaƙale ne irin na 'yan makaranta."

Yaya ya ce ya ji, ya yi sakaci. Amma ta tsaya ta yi tunani. Shekara arba'in Baba na gyara a layin nan ba a taɓa dawo masa da aiki ba. In aka ji shi ne, kafin la'asar magana ta zagaye gari, Mai Rediyo ya makance, Mai Rediyo ya kashe ƙwan mutane. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Ita kuwa da ƙuruciyarta, wata biyu an manta, ta sake gina sunanta.

Auta ta yi wata dariya wadda ba ta da alaƙa da daɗi. Jikinta ya yi sanyi saboda Baba, amma ɓacin ran bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Ta tuna watannin da ta yi tana bin matan ƙungiyar nan gida gida kafin su yarda mace za ta iya haɗa musu abin da zai riƙe zafin ƙwai. Ta tuna wanda ya tambaye ta ko mijinta ne ke yi tana kawowa. Duk wannan Yaya ya ɗauka ya miƙa wa Hajiya a magana ɗaya, ko shawararta bai nema ba.

"Na ji, kana kare Baba. Nima ubana ne, da ka ja ni gefe ka gaya min, wataƙila da bakina zan ɗauka. Amma tambaya ɗaya zan yi maka."

Ya ɗago.

"Mu biyu ne 'ya'yansa a shagon nan. Kai ka ba shi aikin, kai ka gwada, kai ka kai ka ɗaura. Me ya hana ka ce kai ne?"

 Ya kalli ƙasa, ya kalli allon da ke cinyarsa, ya sa babban yatsa yana murza gefensa.

"Mutane ni suka sani da shagon nan," in ji shi daga ƙarshe. "In sunana ya ɓaci, shagon ne ya ɓaci."

"To ka ga ba Baba kaɗai ka kare ba."

Ta fizge allon daga cinyarsa. Ta ce wannan magana ba ta ƙare ba, amma yanzu ba lokacinta ba ne. Ta ce ya ɗauko kwalin matan ƙungiya, guda biyar ɗin nan, a cire resistocin a sa na daidai, a bar kowanne ya yi rabin awa a wuta kafin ya bar shagon. Kuma da hannunta za ta yi.

Yaya ya miƙe da sauri, kamar wanda aka ba hanyar fita. Ya ce kwalin na cikin kabad, shi ya sa shi jiya da yamma. Ya buɗe ƙofar kabad ɗin. Ya duba saman, ya durƙusa ya duba ƙasan, ya ture naɗin wayoyi gefe.

"Nan na ajiye shi."

"Yaya."

"Wallahi nan na ajiye shi."

A daidai lokacin suka ji sallama daga gaban shago, da ƙarar jan takalmin da suka sani. Suka fito tare.

Baba ne, yana share gumi da hularsa, fuskarsa a sake. Ya yi wa Auta sannu da hanya, ya tambaye ta kwas, bai jira amsa ba ya zauna a benci yana haki kaɗan. Ya ce yau ya rage musu wahala. Da sassafe ya zo da makullinsa na ajiya ya ɗauki kwalin matan nan ya kai tasha da kansa, ya ba direban motar farko. Shugabarsu ta bugo masa ɗazu, kaya ya isa lafiya, mai haɗa musu wuta ya riga ya ɗaura uku, yana kan na huɗu. Injinan duk cike suke da ƙwai, in ji ta, sai godiya take yi.

Yaya ya jingina da bango.

Auta ta laluba jakarta tana neman waya. Kafin ta samu, Baba ya ɗaga kai ya shaƙi iska. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Me ya ƙone a nan?"

Auta da Yaya suka kalli juna.

Ya miƙe ya taka zuwa tebur. Hannunsa ya fara cin karo da kiret, ya shafa ƙwan, ya taɓa fasasshen, ya janye yatsa. Sannan ya lalubo ƙonannen allon, ya kai shi hanci, ya juya bayansa ya bi ɗigon dalmar da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai liƙina ne."

"Baba, zauna ka huta," in ji Yaya. "Ƙaramar matsala ce, daga lissafi ne, mun riga mun..."

"Ban tambaye ka ba."

Ya juyo wajen Auta, ya karɓi allo mai lafiyar da ke hannunta. Ya kai shi dab da idonsa na hagu, ya matsar da shi nesa, ya dawo da shi, ya karkata shi ga hasken ƙofa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa mata.

"Lemo, lemo, na ga waɗannan. Na ukun fa?"

A bayansa Yaya na girgiza mata kai, ya haɗa tafukansa biyu yana roƙo.

"Auta, ke nake tambaya. Wane kala ne?"